Fassarar kalmomin sarautar Birtaniya zuwa Faransanci, daga rasuwar Elizabeth zuwa ɗora wa Charles kambi

Ranar Alhamis 8 ga Satumba 2022, da ƙarfe 6:30 na yamma agogon Landan, Fadar Buckingham ta fitar da sanarwar rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Jimla biyu ce kacal. Ta farko ta ce Sarauniya ta rasu cikin natsuwa a Balmoral da ke Scotland, ta biyu ta ce Sarki da matarsa za su kwana a can su koma Landan washegari. Ba a ambaci sunan kowa ba, sai muƙamai uku: *The Queen*, *The King* da *The Queen Consort*. Daga wannan dare zuwa bikin ɗora kambi na 6 ga Mayu 2023, kusan wata 8 ke nan, masu fassara zuwa Faransanci sun yi ta fama da kalmomin da rabon da a buƙace su tun 1952 da 1953. Da wuya a ce akwai wanda ke bakin aiki a lokacin da ya taɓa fassara labarin sauyin sarki a Landan.

Abin da ya sa aikin ke da santsi shi ne Faransanci yana da kalmomin, har ma shi ya ba Ingilishi aronsu. Tun da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, harshen fada ya zama Faransanci na tsawon ƙarnoni, daga nan *crown*, *prince*, *duke*, *sovereign*, *realm* da *majesty* suka shiga Ingilishi. Har yau idan sarki ya amince da doka a zaman majalisa, akawu da tsohon Faransancin Normandi yake furtawa, *Le Roy le veult*, wato sarki ya so haka. Saboda haka mai fassara yana ganin kalma sai ya ji kamar ya gamu da ɗan gida, ya mayar da ita yadda take. Amma kama da wane ba ta wane. Faransa ta rabu da sarkinta na ƙarshe, Louis-Philippe, a 1848, kalmominta suka tsaya manne da tsarin sarautar da ta sani, su kuma na Ingila suka ci gaba da tafiya da nasu tsarin.

Ga kuma Kanada. Sarkin Birtaniya shi ne sarkinta, kuma dokokin tarayyarta da Ingilishi da Faransanci ake rubuta su, kowane da cikakken ƙarfi a kotu. A Ottawa, fassarar kalmar sarauta magana ce ta shari'a, a Paris kuwa magana ce ta jarida. Tambayar farko da ya kamata teburin fassara ya amsa tun kafin a taɓa kalma ko ɗaya ita ce, wa zai karanta?

Matar sarki

A Birtaniya mace tana iya hawa gadon sarauta da kanta, kamar Victoria da Elizabeth, don haka dole harshe ya bambanta sarauniya mai mulki da sarauniyar da aure ya ba ta sunan. Faransa ba ta taɓa buƙatar wannan bambanci ba. Tun 1316, da aka tsallake 'yar Louis na Goma aka ba ƙanensa, aka kuma tabbatar da hakan a 1328, mace ba ta gadon sarautar Faransa. Duk wata *reine de France* matar sarki ce. Idan Bafaranshe ya ce *reine*, ya gama magana, sai dai idan yana nufin mai mulki ne zai ƙara *régnante*.

Jaridu sun ɗauki *reine consort* tun daren farko, kuma babu laifi a wannan daren, domin a jimla ɗaya akwai sarauniya biyu, wadda ta rasu da wadda ke raye. Sai dai kalmar ta zo da nata ciwon kai. A Faransanci *consort* namiji ne, wanda aka saba ji a *prince consort*, ko a maganar lauyoyi *et consorts*, wato wane da 'yan ƙanzaginsa. Wasu suka ƙara mata wasali a ƙarshe suka rubuta *consorte* don ta dace da mace. Mu a ganinmu *reine consort* ba tare da ƙari ba ya fi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne gidan jarida ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kansa. Kuma a lura cewa kalmar tana da wa'adi. Elizabeth ce da kanta, a saƙonta na Fabrairu 2022, ta nemi a kira Camilla, matar Charles, da wannan suna, amma katin gayyatar ɗora kambi da ya fito a Afrilu 2023 *Queen Camilla* kawai ya ce. Daga nan *la reine Camilla* ne daidai. Wanda ya ci gaba da liƙa *consort* bayan Mayu 2023 yana aiki da tsohuwar takarda.

Kuskure na kusa da wannan shi ne kiran Yarima Philip *le prince consort* kamar muƙaminsa ne. A matsayin bayani, wato mijin sarauniya, ya halatta. A matsayin sarauta kuwa, Albert mijin Victoria ne aka ba ita a 1857, Philip ba a taɓa naɗa shi ita ba.

A nan ne ma Faransanci ya sauƙaƙa wani abu ya kuma wahalar da wani. *Her Majesty* ta koma *His Majesty* a Ingilishi, amma a Faransanci kalmar mallaka da abin da aka mallaka take tafiya, kuma *majesté* mace ce, saboda haka *Sa Majesté* ba ta motsa ba. Jiragen ruwan yaƙin Kanada suna nan da *Navire canadien de Sa Majesté* ba a sauya ko harafi ba. Manyan lauyoyin da ke sa QC, wato *Queen's Counsel*, lauyan sarauniya, bayan sunansu sun koma KC, *King's Counsel*, amma a Faransanci *c.r.*, wato *conseiller du roi* ko *de la reine*, ya wadatar, tunda *roi* da *reine* duk da harafi ɗaya suka fara. Kotunan lardunan Kanada na Alberta, Manitoba, Saskatchewan da New Brunswick kuwa dole suka koma *Cour du Banc du Roi* daga *Cour du Banc de la Reine*. Wahalar tana wajen daidaita jinsi. Idan *Sa Majesté* ta tsaya ita kaɗai, abin da ya biyo baya mace ne ko da sarki ake nufi: *Sa Majesté est arrivée*. Idan aka ƙara muƙami, jinsi ya bi muƙamin: *Sa Majesté le roi est arrivé*. Shekara 70 ba wanda ya damu da wannan ƙa'ida, domin da ka bi kalmar da ka bi mutumin duk mace za ka samu. Hawan Charles ne ya tono ta. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta cikakken *Sa Majesté le roi* a farkon ambato, daga nan a ci gaba da *le roi* ko *le souverain*. Idan su biyu ne, *Leurs Majestés*, a taƙaice LL. MM.

Magaji, hawa gado da shafe da mai

Tarko mafi muni a duk wannan fage shi ne *heir apparent*. A Ingilishi yana nufin magajin da ba haihuwar da za ta ture shi, kamar Charles daga 1952 zuwa 2022. *Heir presumptive* kuwa shi ne wanda ke gaba a layi amma ana iya haifar wanda zai sha gabansa, kamar Elizabeth daga 1936 zuwa 1952, wadda da an yi mata ƙane namiji da shi zai gaji mahaifinsu. Mai gaggawa sai ya rubuta *héritier apparent*. A shari'ar gado ta Faransa wannan suna ne na mutumin da kowa ya ɗauka shi ne magaji alhali ba shi ba ne, misali wanda ya karɓi dukiya daga baya wasiyya ta fito ta nuna wani. Ka ga an mayar da tabbataccen magaji magajin bogi. Shi kuma *héritier présomptif* a Faransanci ya haɗa duka biyun, duk wanda ake sa ran zai gada. Mafita ita ce *prince héritier* ko *héritier du trône* ga William, babban ɗan Charles, idan kuma bambancin yana da muhimmanci a labarin, a kashe rabin jimla a bayyana shi. Dokar gadon sarauta ta 2013, wadda ta fara aiki a Maris 2015, ta daina fifita namiji ga waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba 2011, don haka bambancin ya rage aukuwa, amma littattafan tarihi cike suke da shi.

Akwai kuma kwaɗayin kiran magajin *dauphin*. Wannan sarauta ce ta babban ɗan sarkin Faransa tun 1349, kuma a jaridun yau ana kiran duk wanda shugaba ya ke renon ya gaje shi da ita. Sa wa William ita tamkar a kira shi Ciroman Ingila ne, za a gane abin da ake nufi amma an ɗora masa rawanin wata masarauta. Sarautarsa *prince de Galles* ce, kuma ba ta zuwa da kanta, mahaifinsa ne ya ba shi ita a jawabinsa na 9 ga Satumba 2022. Wadda ta zo masa nan take ita ce *duc de Cornouailles*, da harafin s a ƙarshe, domin *Cornouaille* marar s yanki ne a Bretagne ta Faransa.

Ranar Asabar 10 ga Satumba, majalisar da ake kira *Accession Council* ta zauna a Fadar St James, karo na farko da aka nuna zamanta a talabijin. *Conseil d'accession* aka fi rubutawa, kuma ya yi. Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen aikatau. Wannan majalisa ba masu zaɓen sarki ba ce irin waɗanda aka sani a masarautunmu, ba ta zaɓa, ba ta naɗawa. Charles ya zama sarki ne a daidai lokacin da mahaifiyarsa ta cika, ranar 8 ga wata. Abin da aka yi ranar 10 shela ce. Saboda haka *proclamé roi* ne daidai, *nommé*, *désigné* da *intronisé* duk sun ba majalisar ikon da ba ta da shi. Ga hawa gadon kansa, *accession au trône* ya halatta, *avènement* ya fi tsufa da kyau a kunne. A wannan ranar aka karanta shelar a Rideau Hall, gidan wakilin sarki da ke Ottawa, cikin harsunan biyu.

Sai gardamar *couronnement* da *sacre*, wadda ta fi kowacce daɗin tattaunawa. Sarakunan Faransa a Reims ake yi musu *sacre*, kuma zuciyar bikin ita ce shafa musu mai daga tsarkakakkiyar kwalbar da 'yan juyin juya hali suka fasa a 1793. Na ƙarshe shi ne na Charles na Goma, ranar 29 ga Mayu 1825. Kalmar tana kallon shafewar, ta Ingilishi kuwa tana kallon kambin. To me aka yi a Westminster ranar 6 ga Mayu 2023? An yi duka biyun. Babban limamin Canterbury na lokacin, Justin Welby, ya shafa wa sarki mai a hannu, ƙirji da kai a bayan labule inda kyamara ba ta gani, man da aka tsarkake a Ƙudus a watan Maris, sannan ya ɗora masa kambin Saint Edward da aka ƙera a 1661, mai nauyin kilo 2.2. Don haka wanda ya ce *sacre* bai yi ƙarya ba. Shawararmu ita ce *couronnement* ga bikin gaba ɗaya da kanun labari, domin shi ne sunan da masu abin suka ba shi, *onction* ga shafewar, *sacre* kuma a ajiye shi ga rubutun da ke magana kan ɓangaren addini. Abin da ba ya halatta shi ne a kai kowacce daga cikinsu Beljiyam, inda Sarki Philippe rantsuwa kawai ya yi a gaban majalisa ranar 21 ga Yuli 2013, ba kambi ba mai.

Kalma ɗaya, fassara biyar

Makon jana'iza kalmar *state* ce ta fi ba da wahala, domin wani lokaci tana nufin ƙasa, wani lokaci tana nufin ado da alfarma. *State funeral* ya zama *funérailles d'État*, *state visit* ya zama *visite d'État*, amma keken dokin da ake kira *state coach* shi ne *carrosse d'apparat*, ɗakunan *state rooms* su ne *salles d'apparat*, buɗe majalisa kuma *ouverture solennelle du Parlement*. Kambin da aka ɗora a kan akwatin gawa, *Imperial State Crown*, an gan shi da *d'État* an kuma gan shi da *d'apparat*, na biyun ya fi kusa da ma'ana.

*Lying in state* ba shi da takwara guda. Daga yammacin 14 ga Satumba zuwa ƙarfe 6:30 na safiyar 19, akwatin yana kan dandamali a Westminster Hall, a rufe, an lulluɓe shi da tutar sarauta, jama'a suna wucewa a layi dare da rana. Wanda ya rubuta *exposition du corps* ko *de la dépouille* ya sa mai karatu ya zaci ana ganin fuskar mamaciya. *Exposition du cercueil* ya fi gaskiya, a Kanada kuma *en chapelle ardente* aka saba. A kula kuma da Westminster guda uku: *abbaye* inda aka yi addu'ar jana'iza da ɗora kambi, *palais* inda majalisa take kuma inda zauren yake, da *cathédrale* wadda cocin Katolika ce, ba ta cikin wannan hidima. Haka jami'in da ya karya sandarsa ya ɗora a kan akwatin a Windsor *lord-chambellan* ne, shugaban ma'aikatan fada, ba *lord-grand-chambellan* ba, wanda aikinsa ke fadar majalisa. Wanda ya shirya jana'izar da ɗora kambin kuwa Duke na Norfolk ne a matsayinsa na *Earl Marshal*, wato *comte-maréchal*, kuma ba hafsan soja ba ne.

Sauran muƙaman ba su da wuya: *earl* shi ne *comte*, *marquess* shi ne *marquis*, *Lord* da *Lady* a bar su yadda suke. Amma *Sir* ba *Sire* ba ne, na biyun sarki kaɗai ake ce wa, kuma *Sir* da sunan yanka yake tafiya, ba ya tsayawa da sunan dangi shi kaɗai. *Princesse royale* ta Anne, ƙanwar Charles, wadda aka ba ta a 1987, sarauta ce ta mutum ɗaya, ba kowace gimbiyar gidan ba.

Sunaye suna bin al'ada ne fiye da ƙa'ida. Sarakunan da suka shuɗe an mayar da su Faransawa: Guillaume le Conquérant, Jean sans Terre, Henri VIII, Jacques II, Édouard VII. Masu rai kuwa an bar su, William yana nan William duk da cewa sarakuna huɗu masu sunansa Guillaume ake kiransu. Elizabeth ta faɗa tsakiya, littattafai da yawa a Faransa suna rubuta Élisabeth, dokar Kanada kuma Elizabeth take rubutawa ko a Faransanci. Charles ya hutar da kowa, rubutunsa ɗaya ne. Wajen karantawa a rediyo, *Charles trois* ake cewa, lamba ta ƙirga, sai na farko kaɗai ke ɗaukar *premier* ko *première*.

*Reine d'Angleterre* kuma, wadda ta cika jaridun Paris, babu wannan sarauta tun haɗewar Ingila da Scotland a 1707. Hausa ma ta gaji wannan ɗabi'a, "Sarauniyar Ingila" muke cewa, kuma mai fassara labari daga Faransanci a Yamai da mai fassara daga Ingilishi a Kano duk a nan suke haɗuwa. A hira ba komai, amma a labarin da ke cewa ta rasu a Scotland an kuma fara ajiye gawarta a Edinburgh, *Royaume-Uni* ko *souveraine britannique* ya kamata.

Abin da Ottawa ta riga ta yanke

Inda Kanada ta kafa kalma a doka, mai fassara ba shi da zaɓi idan takardar hukuma yake yi, kuma ko ɗan jarida a Paris zai amfana da leƙawa. *Royal assent*, wato amincewar sarki da doka, shi ne *sanction royale*, ba *assentiment* ba. *Privy Council*, majalisar masu ba sarki shawara, shi ne *Conseil privé*. *In right of Canada*, wanda ke nuna a wace riga sarki yake aiki, shi ne *du chef du Canada*, ba abin da ya haɗa shi da *droit*. *The Crown* yawanci *la Couronne* ce, amma kamfanin gwamnati da ake kira *Crown corporation* a tarayya *société d'État* ne, kambin ya ɓace gaba ɗaya. Jami'in *Black Rod* a majalisar dattawa, mai riƙe baƙar sanda a lokacin bukukuwa, *huissier du bâton noir* ne. Babban harafi ma ya bambanta, takardun hukuma a Ottawa suna rubuta *le Roi*, jaridu suna rubuta *le roi*, kuma kwafo manyan haruffan Ingilishi cikin labarin jarida alama ce ta fassarar da ba a sake dubawa ba.

Cikakken laƙabin ma ya sauya a cikin wannan lokaci. Elizabeth tana ɗauke da *Défenseur de la Foi*, a siffar namiji duk da tana mace, laƙabin da Fafaroma Leo na Goma ya ba Henry na Takwas a 1521. Dokar da majalisar Kanada ta zartar a 2023 ta cire shi, ta kuma cire ambaton Birtaniya, ya rage *Charles Trois, par la grâce de Dieu, Roi du Canada et de ses autres royaumes et territoires, Chef du Commonwealth*. A Landan laƙabin kare addini yana nan. Wanda ya kwafo laƙabin wata ƙasa ya sa a takardar wata ya yi kuskuren shari'a, domin ƙasashe 15 da Charles ke sarauta a kansu, *royaumes du Commonwealth*, kowace sarautarta daban ce, kuma ba su ne ƙasashe 56 na ƙungiyar Commonwealth ba, wadda Najeriya, Ghana da Kamaru ke ciki, Togo da Gabon suka shiga a 2022.

Teburin da ya fita lafiya daga wannan aiki shi ne wanda ya tanadi takarda mai gida huɗu: kalmar Ingilishi, abin da take nufi a aikace cikin jimla ɗaya, fassarar jarida, da fassarar hukumar Kanada, sannan aka rubuta ranar da aka duba kowane layi. Gida na biyu shi ne ke kama *héritier apparent* da *intronisé* kafin su fita, ranar dubawa kuma ita ke kama *consort* da ta wuce wa'adinta. Ko jawabin buɗe majalisa sai an duba gida na uku da na huɗu: wanda Charles ke karantawa a Westminster jaridu suna ce masa *discours du roi*, wanda ya karanta a majalisar dattawan Ottawa ranar 27 ga Mayu 2025, yana sauyawa tsakanin Ingilishi da Faransanci, sunansa *discours du Trône*, da babban harafi a kan karagar.